'Yar Gimba a Ƙasar Mai

A kasuwar albasa ta Fatakwal, in ka ce Idrisu kake nema, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma in ka ce Sarkin Noma, har masu turin baro sun san wurin zamansa: bayan rumfar Alhaji Munzali, yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Sunan tsokana ne, kuma ya sani. Ba ya amsawa, ba ya hanawa. Mu 'ya'yan ƙannensa, Bappa muke ce masa.

An haife shi a Tungar Gimba, wani ɗan ƙauye a bakin fadama can ƙasar Kebbi, wanda kakansa Gimba ya sara. Abin da aka san gidansu da shi wata shinkafa ce ja, mai gajeren ƙwaya, wadda ba a samunta a kasuwa. 'Yar Gimba ake ce mata. Ba ta cika rumbu kamar irin gwamnati, sai dai tana da haƙuri: ruwa ya hau ta bi shi, ya janye ta jira. In aka tuƙa tuwonta ba sai an aika wa maƙwabta ba, hanci ke kawo su. Duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, sai an sa mata ita a cikin gara.

Gidan yana da ƙa'ida guda a kan irin. Kashi biyu ake yi, na ƙasa da na rataya. A shuka rabi, a zuba rabi cikin gora da toka a rataye a rufin ɗaki, ba mai taɓa shi sai sabuwa ta shiga rumbu. Sanin ƙasa kuwa, tun Bappa yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa. Ka damƙo ta. In ja ce tana zuba ta tsakanin yatsu, ta gero ce da gyaɗa. In baƙa ce, ta dunƙule a tafin hannu tana sheƙi, to ka sami uwa. A kan irin wannan baƙar laka 'yan'uwan ciki ɗaya suke daina gaisawa a ƙasarsu.

Haka ya rayu har gemunsa ya fara furfura. Sai 'yan bindiga suka addabi yankin. Suka fara da shanu, suka koma kan mutane, daga ƙarshe wata ranar kasuwa da hantsi, bayan kaka, suka cinna wa rumbunan Tungar wuta. Bappa ya fita da matarsa Hajo da gorar da ke rataye, ko hula babu a kansa. Dangi suka watse, wasu Yawuri, wasu Kwantagora, Tungar ta zama kufai. Da aka natsu aka bincika ta waya, sai aka tarar duk zuriyar Gimba babu wanda ya tsira da ƙwayar irin sai shi.

Munzali ƙanen Hajo ne, ya daɗe a Fatakwal har 'ya'yansa sun fi jin Turancin buroka da Hausa. Shi ya aiko musu su taho. Ya ba su ɗaki a bayan gidan da yake haya, ya ba Bappa aikin tsintar albasa. Bappa ya yi godiya, ya buga ƙusa a bango, ya rataye gora.

Garin bai karɓe shi ba, shi ma bai karɓi garin ba. Ruwan sama ba ya sallama, ba ya ban kwana. Da safe sai a tarar da wata baƙar kunkunniya ta sauka a kan shanya da murfin randa, in ka fyace hanci ma baƙi. Abin da ya fi damunsa laima ce. Takalmin da aka ajiye a lungu sai ya yi fumfuna, balle ƙwayar hatsi. Duk ranar da rana ta leƙo, sai ya sauke gora ya baza irin a faifai, ya zauna yana gadin kaji. Ya san shinkafa ba zinariya ba ce da za a ajiye. In damina ta wuce ta, ta biyu ta wuce, ta mutu a cikin ɓawonta ko da ido yana ganinta lafiya.

"Sarkin Noma," in ji Munzali wata rana da ya same shi a haka, "ka ba Yaya Hajo ta dafa mana mu ci, mu yi wa Gimba addu'a, a wuce wurin. Nan garin mai ne, ba garin garma ba."

"Kai da aka yaye ka da garin rogo, ina za ka san abin da ake ci da abin da ake ajiyewa?"

"To ina gonar? A kan kwalta za ka yafa?"

"Ka nemo mini ƙasa. Ko ta kai shimfiɗar tabarma goma, ta ishe ni."

Munzali ya yi dariya, amma bai manta ba. Yana da hulɗa da wani ƙauye can bayan gari, inda yake sayen manja da garin rogo yana loda wa motocin albasa in za su koma Arewa. Da damina ta matso, ya ɗauki Bappa suka tafi. Bas ta sauke su a bakin titi, okada, wato acaɓa, ta shiga da su.

Bappa bai taɓa ganin ƙasa mai yawan kore da ƙarancin mutane irin wannan ba. Sai a yi tafiya mai nisa ba a ga kowa ba, sai gonar rogo, sai itatuwan kwakwar manja, sai wata tsohuwa da adda da kwando a ka. Samari duk sun tafi birni. A gefen hanya bututan mai ne kwance, sun yi tsatsa, suna shiga daji suna fita kamar macizai. Can nesa wani dogon ƙarfe yana aman wutar gas da rana tsaka, rurinta kamar mota mai lodi tana hawan tudu. Iskar wurin gaba ɗaya warin kananzir take yi. Kafin su isa ƙauyen hancinsa ya saba, ya daina ji.

Dagacin ƙauyen ya karɓe su da goro, saboda Munzali. Ya ce ƙasa ga ta nan, baƙo ya duba inda ba a noma ba. Suka zaga. Bappa yana damƙar ƙasa yana watsarwa, duk ja ce mai yashi. Sai suka gangara wani kwari a bakin rafi, ya tsaya cak. Fili ne shimfiɗaɗɗe, baƙi ƙirin, babu itace, ciyawar ma ƙanana ce jefi-jefi. Ya durƙusa ya damƙo. Ta dunƙule a hannunsa, tana sheƙi. Tun ranar da ya bar Tungar bai ji ƙirjinsa ya buɗe haka ba.

"Munzali, wannan ta wa ce?"

"Wai ba ta kowa ba ce."

"Ikon Allah! Mutanen nan rogo da doya kawai suka sani. Sun zauna a kan fadama suna neman tudu."

Wata dattijuwa da ke cirar rogo a saman kwarin ta ajiye addarta ta gangaro. Mama Oroma ake kiranta. Ta nuna filin, ta kaɗa hannu, ta yi ta magana da sauri. Abin da Bappa ya tsinta kawai shi ne, "Aboki, no good, no good."

"Me take cewa?"

"Wai wurin ba kyau, ya mutu. Wai ko akuya ba ta kiwo a nan."

Bappa ya yi murmushi. Ya san wannan magana. A ƙasarsu ma in baƙo ya ƙyalla ido a kan fadama, haka ake ce masa: akwai aljanu, akwai kada, kakan wane ya mutu a ciki. Ba wanda ke cewa ina so ne don kaina. Ya ce a yi mata godiya. Munzali kuwa ɗan kasuwa ne, bai taɓa riƙe fartanya a Kudu ba, bai ja zancen ba.

Ranar shuka da Hajo ya je. Ya riga ya yi kwanaki yana zuwa yana kaftu sama-sama, yadda ake yi wa laka, yana ɗaure bakin ruwa. Ya juye gora a ƙwarya, ya yafa rabi. Sai ya tsaya yana kallon sauran filin da ya rage, baƙi, a jiƙe, yana jira. Ya sake kai hannu.

"Malam," in ji Hajo, "na rataya fa?"

"Wace rataya a garin da bango ke gumi? In na mayar da shi ɗaki, fumfuna zan ba. Ki dubi ƙasar nan, Hajo. Ko a gida ba mu da irinta."

"Ni dai ban taɓa ganin fadamar da kwaɗo ba ya kuka a cikinta ba."

Bai saurare ta ba. Ya ci gaba da yafawa har ƙwarya ta kusa ganin gindinta. Sai Hajo ta taka cikin laka, ta riƙe bakin ƙwaryar da hannu biyu. Tun aurensu ba ta taɓa ƙwace abu a hannunsa ba. Suka tsaya haka, shi yana riƙe ita tana riƙe, har ya saki. Abin da ya rage bai fi cikin gwangwanin madara biyu ba. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Shinkafa ta tsiro. Bappa ya dawo kasuwa yana ba da labari, har ya yi wa masu rumfuna alkawarin tuwo. Daga nan sunan Sarkin Noma ya bi gari. Amma da tsiron ya kai tsawon yatsa, sai ya tsaya. Bakin ganyen ya yi ruwan ɗorawa, sannan ya ƙone kamar an gifta masa wuta. Ya ce ko ruwa ne ya yi yawa, ya buɗe masa hanya. Ya ce ko tsutsa ce, ya tumɓuke ɗaya ya duba, sai ya ga saiwar ta yi baƙi ta naɗe. Bayan wani ruwa mai ƙarfi ya zo ya tarar da ruwan da ya kwanta a gonar yana walƙiya da launi-launi kamar wuyan tattabara.

Ya sa fartanya ya haƙa, wannan karon da zurfi, har gwiwar hannu. Ramin ya fara tsattsafo da wani abu mai kauri, baƙi. Ya shafa a yatsa, ya kai hanci. Ɗanyen mai ne.

Mama Oroma tana tsaye a sama tana kallonsa. Ta sauko a hankali. Da hannu da 'yar burokar da ya fara tsinta ta fahimtar da shi: shekarun baya bututu ya fashe a nan, mai ya malale kwarin, wuta ta kama. Aka turo masu gyara, suka kwaso ƙasa suka rufe, suka tafi. Baƙin da ya gani na ƙuna ne, sheƙin kuma na mai. A nan gonar mijinta take kafin abin ya faru. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tsinko ganye ta ba shi ya goge hannu.

Ya koma gida. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, in an gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Abin da ke cinsa ba asarar kaɗai ba ce. Da ilimin ubansa ya zaɓi wurin, bai kuskure ko ɗaya daga alamomin da aka koya masa ba, kuma su suka kai shi ya binne gadon gidansu a cikin mai. Munzali ma ya daina tsokanarsa, sai dai sunan ya riga ya fita daga hannunsa.

Hajo ce ta yi jinyar ɗan abin da ya rage. Ta zuba shi a kwalba da toka, ta toshe bakin da leda, tana ajiyewa kusa da murhu. Da wata daminar ta zagayo, Mama Oroma ta aiko ta bakin masu kawo manja: in Malam yana da sauran iri, akwai wani lungu a ƙasan gonarta da ruwa ke kwanciya, can sama da inda bututun ya fashe. Yanzu Malam take ce masa, ba Aboki ba.

Ya je. Ƙasar ja-ja ce, da a gida ne ko kallonta ba zai yi ba. Ya haƙa rami a kusurwa huɗu, ya sansana, ya kira Mama Oroma ita ma ta sansana. Sannan ya shuka, ƙwaya-ƙwaya, ba yafawa. Ba a yi zancen rataya ba, don irin ya riga ya tsufa, wata shekarar ba zai tashi ba.

Da yawa ba su fito ba. Waɗanda suka fito suka yi tsayi, suka yi kore, har suka fitar da kai. Bappa ya tare a gonar, yana kwana a wata rumfar ajiye rogo, yana korar tsuntsu da gwangwani. Sai dai a daidai lokacin da shinkafar ke fure aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, kuma iska ta juyo daga wajen wutar gas. In ruwan ya ɗauke sai ya ga ɗigon baƙi a kan ganye. Ko ruwan ne, ko hayaƙin, ko kuwa 'Yar Gimba ce ba ta san wannan sama ba, har yau bai sani ba. Da ya yanke ya murza zangarniya a tafin hannu, yawanci ƙaiƙayi ne, ba ƙwaya a ciki. Hajo ta sheƙe a faifai a tsakar gida, iska ta kwashe kusan duka. Abin da ya zauna bai cika tafi biyu ba.

Suka zauna suna kallonsa.

"Ƙasar nan ba ta ƙi ka don mugunta ba, Malam," in ji Hajo. "Ita ma jinya take."

"To ina zan kai 'Yar Gimba? Gida babu."

"Sagiru fa?"

Sagiru ɗan ƙanensa ne, yana Yawuri, an ara masa 'yar fadama yana noma irin gwamnati. Bappa ya auna abin a ransa. In ya aika, ya rabu da ita ke nan, kuma ba ta isa a raba biyu ba. In ya riƙe, laima ta ƙarasa ta a hannunsa. Ya ɗinke ta a ƙyalle, ya sa a kwalba, ya ba wani direban motar albasa da ya yarda da shi. Ya bi motar da ƙafa har bakin titi yana maimaita masa saƙo: a ware mata wuri ita kaɗai, kada a haɗa ta da kowa.

Da daminar bana ta kankama, Munzali ya kira Sagiru a wayarsa, ya miƙa wa Bappa a nan bayan rumfa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa.

"Saƙona fa, Sagiru?"

"Ya iso, Bappa, tun tuni. Na shuka. Wasu sun fito ma."

"Alhamdu lillahi. A wane gefe ka ware mata?"

Sagiru ya sassauta murya.

"Bappa, gonar ce ba yawa, kuma ta aro ce. Ranar da aka yi ruwan shuka ni ina asibiti da mai ɗakina. Waɗanda na sa aikin suka juye ta cikin buhun iri, suka yafa gaba ɗaya."

"Gaba ɗaya."

"Wallahi ba da gangan ba ne. Amma tana ciki, Bappa. In ta nuna ai za a gane ta, tunda ja ce."

"A cikin ɓawo za ka ga jan? Ka taɓa ganin kanta a tsaye?"

"Tun ina yaro na bar Tungar, Bappa."

Bappa ya miƙa wa Munzali wayar, ya koma kan albasarsa. Sai da ya jefa masu kyau biyu cikin ruɓaɓɓu. Ya san yadda ake girbi a can yanzu. 'Yan kwangila ne ke shiga da lauje su share gona a yini guda, a casa, a zuba a buhu. Kuma 'Yar Gimba tana riga irin gwamnati nuna, in ba a cire ta da wuri ba sai ta kakkaɓe a ƙasa. Duk duniya saura mutum ɗaya da zai iya shiga gonar nan ya bi ta kai-kai, ya gane ta da ɗan gashin bakinta da yadda take sunkuyawa.

Da yamma ya gaya wa Hajo zai tafi Yawuri kafin kaka.

"Da wannan ƙafar? A wannan hanyar da ake tare motoci?"

"Da ita."

"In ka je ka tarar ba ko ɗaya fa? Wataƙila waɗanda ya ga sun fito ma ba ita ba ce."

"Sai in san babu. Yanzu ban sani ba."

Da ya ji labarin, Munzali ya yi faɗa, ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi, mutum ya tsira da ransa ya koma don abin da bai cika cokali ba. Bappa ya bar shi ya gama. Washegari Munzalin da kansa ya je tashar manyan motoci, ya yi magana da direban da zai tashi ƙarshen wata, ya ce a ba Sarkin Noma gaban mota, kada a ɗora shi a kan jarkokin manja.